Gadon da Zai Jure Hunturun Damargu

Muna gaida mutanen Tanut da Gangara da Olelewa da Tenhiya, muna gaida na Belbeji da ƙauyukan Tarka baki ɗaya, da makiyayan da ke jin mu daga bakin rijiya. Barkanmu da kaka.

Yau maganar sayen kayan ɗaki za mu yi, don lokacinta ne. An ɗaure damma, an kai gida, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san da zarar gero ya shiga rumbu sai a fara sa ranar aure. Iyaye mata su fara lissafi cikin dare. Motocin da ke tasowa daga Damagaram su fara wucewa da katifu ɗaure a bisa, da kujeru ƙafafu sama, da madubi naɗe cikin bargo. Abin farin ciki ne. Babu uwar da ba ta son ranar jere a shiga ɗakin ɗiyarta a fito ana sa albarka, kuma ba laifi magidanci ya so kujerar da zai zaunar da baƙo.

Amma ku zaga ɗakunan amaren bara da na bara waccan ku duba. Za ku tarar da kabad ɗin da ƙofarsa ta ƙi rufuwa, da gadon da aka tokare da bulo, da kujerar da fatarta ke zuba kamar ɓawon gyaɗa, da katifar da ta yi kwari a tsakiya. Kuɗi aka zuba a kayan nan, wani wurin ma da bashi. Ba amaren ne ba su iya riƙo ba. Yawancin kayan tun asali ba don ƙasarmu aka yi su ba, mu kuma muka saya ba mu tambaya ba.

Mu fara da katako. Damargu ba ƙasar manyan itatuwan da ake tsaga falanki ba ce. Abin da muke da shi aduwa ce da magarya da kandili da ɗan gawo, kuma dokar gandun daji ta shekarar 2004 ta tsaya kan kare irin waɗannan itatuwa, sara sai da izinin ma'aikatan daji. Saboda haka kusan duk falankin da kafinta ke gogewa a Tanut ko Bakin Birji daga kurmin kudu ya fito, ya ratso Najeriya, ya biyo ta Kano, ya shigo ta Magarya ko ta Matamai, ya sauka Damagaram, sannan ya hau hanyar Agadas ya yi kusan kilomita 150 kafin ya iso Tanut. To, a can inda aka sare shi iska jiƙe take shekara duka. Katako kuwa yana shan laima daga iska, yana kuma sakinta. A kudu, falankin da aka ce ya bushe yana riƙe da ruwan da ya kai wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. A nan, idan hunturu ya kankama iska ta bushe ƙayau, sai ya sauka zuwa kashi 5 ko ƙasa da haka. Ruwan nan da ya fita, jikin katakon ne ke tsukewa ya cike gurbinsa. Falanki mai faɗin santimita 30 yana iya rasa abin da ya kusa santimita ɗaya. Idan an riga an buga masa ƙusa ta gefe biyu, ba shi da inda zai je, sai ya tsage ko ya lanƙwashe. Ƙarar da wasu ke ji cikin dare a watan Janairu, su ce sabon kabad na magana, wannan ce.

Don haka tambaya ta farko da za ku yi wa kafinta, tun kafin a zo kan farashi, ita ce: Malam, katakon nan tun yaushe yake ajiye a wurinka? Wanda ya yi wata da watanni a jingine cikin inuwa a nan ƙasarmu ya gama tsukewarsa, abin da aka haɗa da shi zai zauna. Wanda aka sauke daga mota shekaranjiya, ko da ya fi kyan gani, ku ba shi lokaci. Ku ɗora tafin hannu a kansa: ɗanyen katako yana da sanyi da nauyi, busasshe kuwa in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa da ƙara.

Sannan katako iri-iri ne. Farin katako ba shi da nauyi, yana da sauƙin aiki da sauƙin kuɗi, amma shi ne abincin gara da ƙwaron nan mai huda shi ya bar gari-gari a ƙasa. Jan katako ya fi tauri, ya fi tsada, ya fi daɗewa. Wanda ba shi da ƙarfin yin komai da ja, to ya sa a yi masa ƙafafu da ginshiƙan gado da ja, sauran a cike da fari. Fenti da man sheƙi suna ɓoye komai, shi ya sa ya kamata ku leƙa ƙarƙashi da baya, inda burushi bai kai ba. In kuka ga ƴan ƙananan huji kamar na allura, da gari a bakinsu, ku bar shi, ƙwaro ya riga ku.

Akwai na uku, wanda shi ne ya cika shaguna yanzu, kuma shi ne ya fi ɗaukar ido a hoton waya. Garin katako ne ake kwaɓawa da gam, a matse a inji ya zama allo, a lulluɓe da fomika ko leda mai walƙiya. Ba na cewa haramun ne a saye shi. A ɗakin siminti mai daɓen tayil, wanda ba ya yoyo, wanda ba za a riƙa jan kaya daga nan zuwa can ba, yana yin shekaru. Amma yana da abokan gaba biyu, kuma dukansu muna da su. Na farko ruwa. Damina a Damargu gajeriya ce, ruwan shekara duka bai cika wuce milimita 300 ba, sai dai kun san yadda yake zuwa: dare ɗaya da iska, rufin ƙasa ya ɗiga, ruwa ya kwanta a daɓe. Allon nan in ƙasansa ya sha ruwa sau ɗaya ya kumbura, ba ya komawa. Na biyu kwancewa da ɗaurawa. Ƙusa mai zare ba ta kama shi da kyau sau biyu. An ɗaura a shago, an kwance an loda, an ɗaura ranar jere, an sake kwancewa ranar da za a yi yaɓe. Kafin a kai na huɗu ramin ya zama gari. Idan kuma kun saya, ku bar ƙofa da taga buɗe kwanaki, don warin da ke tashi daga gam ɗin yana sa yajin ido da tari, kuma bai dace da jariri ba.

(Kiɗa)

Jama'a, kafin mu ci gaba, ina so mu tuna cewa mutanen ƙasar nan ba yau suka fara kwanciya a gado ba, kuma waɗanda suka riga mu sun yi tunani a kan abin nan ƙwarai. Ku dubi gadon Buzuwa. Sanduna ne marasa nauyi da ƙafafu sassaƙaƙƙu, a shimfiɗa asabari a bisa. Cikin ɗan lokaci an kwance shi an ɗora wa jaki ko raƙumi, an isa masauki an mayar. Sau da yawa da itacen tumfafiya ake yin sandunan, itacen da muke rainawa, alhali ba shi da nauyi kuma gara ba ta cika damunsa ba. Ku dubi yadda Bafulatana ke kafa gadonta da jeren ƙorenta, komai na da wurinsa, komai na tashi a rana ɗaya. A gidajen manoma kuwa akwai gadon kara, da gadon ƙasa da tsofaffi ke sa wa garwashi a ƙarƙashi lokacin ɗari, da tabarmar kaba, da adudu na ajiye tufafi, da ƴar kujerar tsakar gida wadda uwa ke bar wa ɗiya. Daga baya gadon ƙarfe mai rumfa ya zo, kuma har yau akwai gidajen da na kaka ke tsaye, jikoki na kwana a kai.

Ba ina kiran a koma gadon kara ba ne. Zamani ya wuce nan, kuma ɗiyar yau na da haƙƙin ta so abin zamaninta. Abin da nake so mu ɗauka shi ne tambayoyin da masu waɗancan kaya suka amsa: iska na ratsa shi? Ana iya fitar da shi waje? In ya lalace, akwai mai gyara shi a garin nan? Gara za ta iya da shi?

Ku ɗauki ta biyun. Daga Afrilu zuwa saukar ruwa, zafi na haura digiri 40, kuma babu mai kwana cikin ɗaki in ba dole ba. Kenan wata biyu ko uku a shekara, gadon nan mai allon kai har rufi, mai madubi da fitilu, yana ciki shi kaɗai, mai shi na tsakar gida a kan tabarma, inda kunama ke yawo. Da an rage wani abu daga kuɗinsa an sa maƙerin walda ya yi gadon ƙarfe mai saƙar igiya, wanda mutum biyu ke ɗauka da hannu ɗaya-ɗaya, da amarya ta fi morewa. Haka kujerun ƙarfe masu saƙar zare da ake yi a garuruwanmu. Wasu na ganin ba su kai a jera a ɗakin amarya ba. Ni kuwa ina ganin babu kujerar da ta san ƙasar nan kamar su: bayanka na shan iska, buji ba ya zama a cikinsu, gara ba ruwanta da su, in zaren ya tsinke yaron unguwa ya sake saƙawa da yamma ɗaya. Kuma kuɗin da ka biya bai tsallaka iyaka ba, yana hannun wani matashi a Tanut ko Belbeji da ya zauna gida maimakon ya kama hanyar Libiya ko Aljeriya. Abin dubawa a kayan ƙarfe shi ne kaurin bututun da kuma walda. Ku zauna a kai ku jijjiga. Waldar da aka ɗiga ɗigo-ɗigo aka rufe da fenti ba za ta yi shekara ba, ku nemi wadda ta zagaye mahaɗar gaba ɗaya. Ku shafa bakin ƙarfen kada ya kasance da kaifin da zai yanki yaro.

Kujerun kushin kuwa, yadin da ke kansu ne matsalar. Mai gashi-gashi yana haɗiye ƙura, kuma kowa ya san abin da hunturu ke zubawa a ɗaki ko da an rufe ƙofa. Mai kama da fata yana kyau wata shida, daga nan zafi ya soya shi ya fara ɓarewa. Ku nemi waɗanda ake zare rigarsu a wanke. Kujerun roba kuma kada a bar su a rana, suna bushewa su karye da mutum ba sallama.

Yanzu katifa. Iyayena mata, in kuɗin bai kai a yi komai mai kyau ba, to a nan za a sa ƙarfi. Kabad ido ke morarsa, katifa kuwa baya ne da haƙarƙari, na matar da ta wuni tana daka da ɗiban ruwa, wadda gobe za ta ɗauki ciki. Kaurin katifa ba shi ne ingancinta ba, nauyin soson ne. Masana'antu na auna shi da lamba, wato kilo nawa ke cikin soso mai mita ɗaya ta kowane gefe. Katifa mai tsawon santimita 190, faɗi 140, kauri 20, in lambarta 18 ce ba ta cika kilo 10 ba, in 30 ce tana kai kilo 16. Kun ga da ido ɗaya suke, a hannu ne suke rabuwa. Ku ɗaga ta. Sai dai nauyi shi kaɗai bai isa shaida ba, don akwai masu cusa hoda cikin soso ya yi nauyi. Ku sa gwiwa ku danna da ƙarfi, ku tashi ku gani: mai kyau na dawowa nan take, marar kyau na barin gurbi. Katifun Vitafoam da Mouka da ke shigowa daga Najeriya sun yi suna, kuma duk abin da ya yi suna ana yin jabunsa, don haka ku duba tambari da ɗinki, ku nemi takardar garanti, ku saya wurin wanda za ku iya komawa gare shi. Soso ba ya son rana tsirara, tana dafa shi ya zama gari. In kun kwana waje, a shigar da katifar kafin hantsi. Kuma ba ya son wuta ko kaɗan: kaskon garwashi da turaren wuta su yi nesa da gado lokacin ɗari, don hayaƙin soso in ya kama yana kashewa tun kafin harshen wutar ya iso.

Ga wani kuskure da ake yawan yi. Kafintanmu da santimita yake awo, katifar Najeriya kuwa da ƙafa ake kiranta. Wadda ake ce wa shida-da-shida faɗinta kusan santimita 183 ne, ba za ta shiga gadon da aka yi wa 180 ba sai an danne ta, ta yi tozo. Ku fara sayen katifa, sannan a auna ta a yi gado. Kuma tun kafin ku bar gida, ku ɗauki igiya ku auna ɗakin, tsawo da faɗi, ku ƙulla. Ku auna ƙofa, faɗinta da tsayinta, har da ta zaure. Ɗakin ƙasa tsawon azara ne ke yanke masa faɗi, ƙofarsa kuma ba ta cika kai mita ɗaya ba. An sha fasa bango ranar jere don kabad ya shiga. Ku bar wurin sallaya, ku bar inda yaro zai yi rarrafe, ku bar tazarar tafin hannu tsakanin kaya da bango don tsintsiya ta shiga kuma a ga hanyar gara tun tana sabuwa. Ƙafafun katako kada su zauna kan daɓen ƙasa kai tsaye, a ɗora su kan dutse ko guntun tayil.

Kowane gado a tambayi inda za a ɗaura gidan sauro. Tsohon gado mai rumfa ya zo da amsarsa, na zamani da yawa ba su da ita, sai ka ga gidan sauron da aka raba kyauta yana cikin leda har damina ta wuce, don amarya na jin zai ɓata mata ado. Ku sa a yi masa sanduna huɗu masu cirewa. Dogon kabad kuma a ɗaure shi da bango, kaya masu nauyi a ƙasa. Kada ku ɗauka wasa ne: a 2016 kamfanin IKEA ya janye kabad miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan ƙananan yara sun mutu. Can ma da daɓensu yake a miƙe, balle namu.

Wanda zai sayi na hannu, ya haska tocila a mahaɗar katako da ɗinkin kushin. Baƙin ɗigo-ɗigo alamar kuɗin cizo ce, kuma shigarsa gida ta fi fitarsa sauƙi.

(Kiɗa)

Saura maganar da ta fi nauyi, maganar inda kuɗin zai fito. Damargu da hatsi aka san ta. Tun a Janairun 1851, da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya ratso ta tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya rubuta cewa ita ce ke ciyar da Abzin. Amma mu da ke cikinta mun san shekara ba ta gadon shekara. Dattawa ba su manta 1984 ba, matasa ma sun ga 2005. Lokacin da ake buƙatar kuɗin kayan ɗaki, wato yanzu, shi ne lokacin da tiyar gero ta fi araha. Wanda ya buɗe rumbu yau ya auna wa ɗan kasuwa don ya cika kuɗin kujeru, shi ne zai koma wurin ɗan kasuwar nan a watan Yuli ya sayi geron da tsada, ko ya ci bashi a kan gonar da bai shuka ba. Wannan yana ci mini rai, domin na san ba son banza ke kai iyaye ga haka ba, tsoron bakin mutane ne. Ƴan jere za su yi kallo na yini ɗaya su watse, bashin kuwa a gidan uban amarya yake kwana.

Akwai hanyoyin da mata suka riga suka sani. Adashi na nan. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu ƙasa duka, an kafa su ne don irin wannan tanadi na kaɗan-kaɗan. Uwar da ta fara tun ɗiyarta na ƙarama, bana samira, baɗi tabarmi da akwati, ta kiwata ɗan akuya don katifa, ba ta shiga hannun kowa. Kuma ba dole ne ɗaki ya cika ranar farko ba. Katifa mai kyau, gado mai ƙarfi, wurin tufafi, kujera biyu, sun isa a fara zama. In an bar wa yarinya tunkiya biyu maimakon kabad na biyu, bayan shekara uku ita da kanta za ta sayi wanda take so. Ku kuma dangin miji, ku sassauta harshe. Yawancin bashin nan saboda ku ake cinsa.

In za a shiga kasuwa, ko Kasuwar Dole ce a Damagaram ko wurin kafintan gari, a haɗa da kuɗin mota cikin lissafi tun farko, a kuma yi magana a fili kan wanda zai ɗauki asara in madubi ya fashe a hanya. Mai kai kaya ƙauyukan Tarka ko Tenhiya, inda za a bar kwalta a shiga rairayi, wani wurin ma a ƙarasa da amalanke, ya rage gilashi, ya sa a kwance komai a naɗe, a ɗaura a can. Masu tsallakawa Kano don canjin naira ya yi musu daɗi, su tuna da kuɗin duwan da na hanya, su kuma tuna yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2023 har Maris na 2024. Abin da aka yi a kusa, gyaransa ma a kusa yake.

Da kafinta ko maƙeri kuwa, a rubuta. Irin katakon, awon, launin, ranar karɓa, abin da aka bayar kafin alƙalami da abin da ya rage, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Kada a biya duka sai an ga kaya, kuma a ba da aikin da wuri, don aikin da aka ƙarasa daren jere fentinsa ma bai bushe ba. Takardar sayen a rubuta ta da sunan yarinyar, a ba ta ta adana, domin kayan ɗaki nata ne.

Lokaci ya cim mana. Allah ya sa albarka a ɗakunan da za a jera bana.